Tukunyar Iskar Ɗanladi

Duk wanda ya saba zuwa kasuwar Birnin Kudu ya san Uwar Haƙuri, ko da bai san sunan mai ita ba. Tsohuwar akori-kura ce mai ja da ƙafa huɗu, wadda wani kamfanin gina hanya ya yi gwanjonta tun kafin a haifi rabin 'yan tasha. Launinta na asali ya ɓace a ƙarƙashin fenti kala uku. Mai ita shi ne Ɗanladi Direba, gajeren mutum mai faɗin ƙirji, ɗan shekara hamsin da takwas, wanda ba ya ɗaga murya sai in an jingina da madubin motarsa.

A Wurno aka haife shi, gidan manoma. Da ya tasa sai ya shiga aikin lebura a wajen masu gina hanya, yana watsa tsakuwa, har wani direban tifa ya koya masa tuƙi. Ranar da kamfanin ya naɗe kayansa, Ɗanladi ya sayar da bijimai biyu da ya gada, ya sayi motar. Aure kuma ya kai shi Unguwar Ɗanbala, wani ƙauye a bayan Maruta cikin ƙasar Gwaram, garin matarsa Turai, mai soya ƙuli-ƙuli da matsar man gyaɗa. Ya je da niyyar ya yi damina ɗaya. Bana shekararsa ashirin da shida a can.

Tsakanin Unguwar Ɗanbala da kwalta akwai rairayi na tafiyar kusan awa guda, irin wanda ke haɗiye mota har cikinta. Ɗanladi ya daɗe da sanin maganinsa. In zai shiga rairayin sai ya sa tsinken ashana a bakin kowace taya ya rage mata iska, ta baje kamar tafin raƙumi, motar ta bi ta kai lafiya lau. Matsalar ita ce dawowa kan kwalta. Tayar da ba ta da iska, ga kaya a kanta, ba ta yin mil biyu a kan kwalta sai ta yi zafi ta yage. Don haka a gindin wata tsamiya, daidai inda rairayi ya ƙare, dole a tsaya a mayar da iskar da aka zubar. A wurin babu mai faci, babu rumfa, babu komai sai tsamiyar da wani dutse.

A nan dokar Ɗanladi take. Famfon hannu ne da shi, dogo, mai mariƙin katako, kuma fasinja ne ke bugawa: namiji ɗari, mace hamsin, a zagayo har tayoyi huɗu su cika. Shi kuwa yana kan dutsen yana ƙirgawa da ƙarfi.

"Ashirin da uku, ashirin da huɗu. Wannan ba ta shiga ba, a sake. Haba Inna, kamar ba ki taɓa riƙe taɓarya ba!"

In an tambaye shi dalilin da shi ba ya bugawa, sai ya ɗaga hannayensa biyu ya nuna. "Waɗannan na sitiyari ne. In suka gaji, rayukanku ne a ciki." A shekara ashirin da shida ba wanda ya taɓa ganin ya danna famfon nan ko sau ɗaya.

Akwai wani abu kuma da ya kamata a sani game da shi. Duk allurorin da ke gaban motarsa matattu ne. Ta gudu ta kwanta tun zamanin kamfani. Ta zafin inji ta maƙale a tsakiya. Ta mai kuwa kullum tana nuna tanki a cike, har Ɗanladi ya koma auna fetur da karan dawa. Bai taɓa yin ƙorafi ba, amma in ya leƙa motar wani ya ga allurai suna motsi, yakan ɗan jima yana kallo kafin ya janye kansa.

Abincin gidansa ya dogara ne ga mata goma sha ɗaya, masu kai albasa da daddawa da busasshiyar kuɓewa kasuwa. Shugabarsu Hajiya Kulu, dattijuwa mai zoben azurfa a kowane yatsa, ita ke cewa a hau wannan mota ko a hau waccan. Shekara da shekaru suna bin Ɗanladi don babu wani. Sai ga Maikano, wani matashin direba daga Gwaram, ya fara shigowa ƙauyen da mota mai ƙaramin injin iska da ake maƙala wa batir. Fasinjansa suna zaune a inuwa ake cika taya.

Ɗanladi ma ya aro irin injin ya gwada. Batirin Uwar Haƙuri, wanda dama da kyar yake tayar da ita, ya ƙare kafin taya ɗaya ta cika. Ranar matan sun buga famfo, sannan suka tura mota.

Da yamma Hajiya Kulu ta same shi a ƙofar gida.

"Ɗanladi, na yi maka daka a gidana, na zo na yi maka daka a kan hanya, yau kuma ka mai da ni jaki. Don darajar Turai muke binka, ka sani. To wallahi ranar da hannun ɗayarmu ya sake taɓa famfon nan, ranar muka koma motar Maikano, mu da kayanmu."

"Hajiya, a yi haƙuri."

"Haƙurin ai kai ka sa wa motarka suna. Mu namu ya ƙare."

Washegari ya tafi wajen Barnabas, mai walda a bayan tashar Birnin Kudu. Barnabas mutumin Filato ne, ya fi shekara ashirin a garin, kuma rabin jikin Uwar Haƙuri ɗinkinsa ne. Ya saurari labarin yana goge hannu da tsumma, sannan ya shiga cikin shago ya mirgino wata tukunyar ƙarfe mai tsawon cinyar mutum zuwa ƙasa.

"Baba Ɗanladi, na taɓa yi wa masu haƙar rijiyar burtsatse aiki, da irin wannan suke cika tayoyinsu a daji. Ka san iskar da ke sa lemon kwalba kumfa? Ita ce a ciki. Ba batir, ba famfo. Ka murɗa, minti ɗaya taya ta tsaya."

"Iskar lemo a tayata? Tururuwa ba za ta bi ni ba?"

"Ba sukari a ciki, Baba."

Sai aka zo kan kuɗi, nan fuskar Ɗanladi ta fara sauyawa. Tukunyar kanta dubu arba'in da biyar. Kan da ake ɗaura mata, mai rage ƙarfin iskar don kada ta fasa taya, dubu talatin da takwas, kuma sai an aiko da shi daga Kano. Tiyo mai jure sanyi dubu goma sha biyu. Cikawa kuma a Kano ake yi, a wajen masu cika tukwanen kashe gobara, kilo tara a kan dubu goma sha takwas, ban da abin da za a ba direban da zai kai ta ya dawo da ita.

"Iska fa ka ce, Barnabas. Wadda nake zubarwa kyauta a rairayi kowace kasuwa."

"Zubarwa ce kyauta, Baba."

Ɗanladi ya sayar da ragon da yake kiwo da buhu biyu na riɗi. Ya ƙi biyan dubu shida na ƙarfen da za a tsayar da tukunyar a bayan mota, ya ce ai kwanciya ma ba laifi ba ce. Ranar da ya fara gwadawa a tasha, tukunyar tana kwance, yana murɗawa sai tiyon ya yi tsalle ya fara aman wani farin gari mai sanyi kamar ƙanƙara. Mai shayi ya bar tukunyarsa a kan wuta ya gudu. Wani dattijo ya tsallake kwata da shekarunsa saba'in. Barnabas ya zo a guje ya rufe, ya bayyana masa cewa abin da ke ciki ruwa ne, sai tukunyar tana tsaye iska ke fita ta sama. Aka biya dubu shidan.

Da aka tsayar da ita aka sake buɗewa, sai wani abu ya faru da ya ɗauke hankalin Ɗanladi gaba ɗaya. A kan tukunyar akwai ɗan agogo mai farar fuska, kuma allurarsa ta tashi daga ƙasa, ta yi sama a hankali, ta tsaya cak. Allura mai rai, tasa ta kansa.

Barnabas yana ta bayani a gefensa. "Ka ji ni da kyau, Baba. Kada ka dogara da allurar nan. Muddin da sauran ruwa a ciki, ko cokali ɗaya ne, a nan za ta tsaya. Sai ya ƙare ƙaf za ta faɗi, lokaci ɗaya. Taya kamar arba'in za ta cika maka. In kana son sanin abin da ya rage, ɗora ta a sikeli."

"To, to, madalla," in ji Ɗanladi, yana goge gilashin agogon da bakin rigarsa. Ko kalma ɗaya bai ji ba.

Kasuwar farko a gindin tsamiya sai da aka yi guɗa. Matan suna zaune, ko mayafi ba su gyara ba, tayoyi huɗu suka cika. Kan tukunyar ya yi fari fat da sanyi a tsakiyar zafin bazara, kowa ta zo ta ɗora tafin hannu tana salati. Hajiya Kulu ta manna goronta a jiki don ya yi sanyi. Ɗanladi ya duba allura. Ba ta motsa ba.

Kasuwa ta biyu ma ba ta motsa ba. Nan fa ya fara tunani. Taya takwas, ga wadda ta zube a tasha, amma allura tana inda take. Ya yanke cewa ko dai mutanen Kano sun yi kuskure sun cika masa fiye da kuɗinsa, ko kuma Allah ne ya sa wa abin albarka saboda da halalinsa ya saya. Ya fi karkata ga na biyun. Abin da aka sa wa albarka kuwa ba a yin rowarsa.

Ƙofar gidansa ta zama wurin shan iska na gaske. Kekunan ƙauyen duka suka zo. Aka kawo baro, aka kawo amalanken shanu. 'Yan ƙwallon unguwa suka kawo ƙwallo uku, ɗaya ta fashe. Mai unguwa ya aiko da babur ɗinsa, tayoyin lafiyarsu ƙalau, amma ya ce a zubar da tsohuwar iskar a sa masa ta Kano. Duk wanda aka cika wa sai Ɗanladi ya ja shi ya nuna masa agogon. "Duba da idonka. Ta motsa?" Famfon kuwa ya jefa shi bayan rumbu, ya ce kaji su yi gadonsa.

Mutum ɗaya ce ba ta yi murna ba. Kowace yamma Ɗanladi yakan kwance tukunyar ya shigar da ita ɗaki don gudun ɓarayi, Turai ce ke kama masa gindinta. Ita kuwa mace ce da ta shekara talatin tana ɗaga galan na mai. In aka miƙo mata kwanon gyaɗa, tun kafin ta duba ta san ko an tauye.

"Malam, abin nan naka ramewa yake yi."

"Wane irin ramewa? Ƙarfe ne."

"Ran da ka kawo shi sai da na yi nishi. Shekaranjiya ya yi nauyin galan biyu da rabi. Yau da kyar ya kai biyu."

"Turai, ga agogo, Turawa suka ƙera shi. Ke kuma kina auna mini da kafaɗa."

"Agogon motarka ma ai su suka ƙera, shekara nawa yana ce maka tanki a cike?"

"Wancan matacce ne. Wannan da ransa."

"To, Allah ya ƙara masa lafiya."

Ta koma kan aikinta. Amma da safiyar kasuwa ta huɗu, da ta kama gindin tukunyar za su fitar, sai ta ɗan tsaya, ta ɗaga ta sama ta sauke. Ta shiga ciki ta ɗauro mayafi, ta ce yau da kanta za ta kai ƙuli-ƙulinta. Ta fito da daro a ka, da wata tabarma a naɗe a hammata, wadda ta cusa ƙarƙashin buhunan albasa.

"Tabarmar ta mece ce?"

"Ta zama ce. Ko ita ma sai agogo ya yarda?"

Sun iso gindin tsamiya hantsi ya fara ɗagawa. Matan suka sauko suka baje a inuwa kamar masu jiran a kawo fura. Ɗanladi ya ja tiyo yana 'yar waƙarsa. Tayar gaba ta dama ta cika. Ta hagu ta cika. Ya maƙala a ta baya, ya murɗa. Tukunyar ta yi huci, ta yi wani siririn fito kamar butar da aka sauke daga wuta, ta yi shiru. Yana kallo allurar ta sauko, ba gardama, ta kwanta a ƙasa daidai yadda 'yan'uwanta na gaban mota suke kwance.

Ya ƙwanƙwasa gilashin da farce. Ya girgiza tukunyar, sai ya ji ta taso a hannunsa ɗaya kamar ba ita ba. Tayoyin baya biyu, masu ɗauke da duk albasar, suna baje a ƙasa.

"Direba, lafiya?" in ji Hajiya Kulu.

"Lafiya lau, Hajiya. Tana hutawa ne."

"Mu ma haka."

Daga nesa, ta cikin rairayi, ana jin kukan wata mota tana tahowa, kuma kowa ya san ta Maikano ce. Turai ta miƙe ba tare da ta kalli mijinta ba, ta janyo tabarmar, ta warware ta a gabansa. Ga famfo, an wanke masa kashin kaji, har fatar cikinsa ta sha man gyaɗa.

Ɗanladi ya dubi famfon. Bisa sabo, ya juya ya dubi matan. Mata goma sha ɗaya suka dube shi, kowace ta naɗe hannuwanta a cikin mayafi. Hajiya Kulu ta tashi a hankali, ta je ta zauna a kan dutsen, ta gyara zama.

Ya cire hularsa ya ɗora a kan mota. Ya naɗe hannun riga. Ya taka gindin famfon, ya danna.

"Ɗaya," in ji Hajiya Kulu. "Biyu. Uku. Wannan ba ta shiga ba, a sake."

Dariyar da ta tashi sai da tsuntsaye suka bar tsamiyar. A bugu na sittin gumi ya jiƙa masa riga. A na ɗari da ashirin ya gane cewa mariƙin katakon nan yana da wata tsaga da ke cizon tafin hannu, abin da aka shekara ashirin ana faɗa masa yana cewa raki ne.

"Haba Direba," wata ta ce daga inuwa, "kamar ba ka taɓa riƙe taɓarya ba!"

"Ai bai taɓa ba," in ji Turai.

Maikano ya iso ya tsaya, ya leƙo ta taga. "Hajiya, akwai wuri fa. Baba, ko in ara maka injina?"

Ɗanladi ya ci gaba da danna famfo. Hajiya Kulu ce ta amsa, idonta a kan famfo. "Wuce abinka, ɗan nan, kada ka ɓatar mini da ƙirga. Ɗari biyu da sha ɗaya. Shekara ashirin nake jiran wannan kallo, ba zan bar shi a tsakiya ba."

Da aka koma taya ta ƙarshe ƙarfinsa ya fara ƙarewa. Bara'atu, ƙaramar cikinsu, mai sayar da daddawa, tausayi ya kama ta, ta taso ta miƙa hannu. "Kawo in taya ka hamsin, Baba."

Ɗanladi ya rungume famfon a ƙirji kamar za a ƙwace masa ɗa. "Kada ki taɓa! Don Allah koma ki zauna. Hajiya, ki shaida, ba ta taɓa ba."

"Na gani. Saura kaɗan dai."

Bugu ɗari shida da arba'in ya yi, bisa ƙirgar Hajiya Kulu, ban da waɗanda ta soke. Ya hau mota hannuwansa a gajiye liƙis, ya kai su kasuwa lafiya, abin da ya rushe hujjarsa ta shekara ashirin da shida a tafiya ɗaya. Sun makara, masu sarin albasa na farko sun riga sun tafi. Da ana sauke kaya ya tsaya a gefe yana jiran hukunci.

Hajiya Kulu ta ɓare goro ta ba shi rabi. "Na ce ranar da hannun ɗayarmu ya taɓa famfo. Bai taɓa ba, don haka muna nan. Amma daga yau, kafin mu hau, Turai za ta ɗaga tukunyar nan a gabana. In ta ce da saura, mu tafi. In ta ce babu, ka san abin da ke jiranka."

Haka ake yi har yanzu. Barnabas ya haɗa shi da wani direban Kano da ke kai tukunyar duk bayan mako goma, kuma kuɗin cikawa ya ƙaru sau biyu tun lokacin. Matan da kansu suka yarda a ƙara ɗari biyu a kan kowane buhu, suna kiranta kuɗin iska. Masu keke sun koma famfunansu. Mai unguwa ya aiko da babur sau ɗaya, aka ce masa iskar Kano ta yi tsada, ya yi haƙuri da ta gida.

Ɗanladi ya sayi ƙaramin sikeli mai ƙugiya, amma yana rataye a ƙusa, don sau uku ana gwada shi da hannun Turai ba a sami bambanci ba. Kowace safiyar kasuwa takan fito da ɗaurin ƙirji, ta ɗaga tukunyar, ta ɗan lumshe ido, ta ce, "Taya goma sha biyu," ko "Yau kaɗai ta rage." Shi kuma yana tsaye a gefe, in ta sauke sai ya sa bakin riga ya goge gilashin agogon. Har yanzu yana son allurar. Ya dai daina tambayarta komai.